Baƙuwar Iya a Gindin Kuɓewa

Shekarar da mahaifiyata ta rasu, Baba ya kai ni Roni wajen kakata Iya, shi kuma ya bi motar Ikko neman aiki. Na kwana goma ban ce wa kowa uffan ba.

Wata la'asar, bayan an ɗauke ruwa, na tarar da bushiya a lambun bayan ɗaki, ta dunƙule a gindin kuɓewa. Na tsokane ta da kara, ta ƙara ƙanƙamewa. Sai na ɗebo ruwa a moɗa zan kwara mata don ta buɗe, yadda yaran unguwarmu a Kazaure suke yi.

Iya ta riƙe hannuna. "Kul, 'yar nan! Baƙuwata ce."

Ta juye ruwan a wani fasasshen kasko, ta ajiye fara uku a gefensa, ta ja ni can nesa muka zauna a kan turmi. Ta ce, "Wanda ya dunƙule ba a buɗe shi da ƙarfi. Ajiye masa ake yi, a ja baya."

Mun daɗe zaune, lambun sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Can sai ga ɗan hanci ya leƙo yana rawa.

"Iya, ta fito!" Maganata ta farko ke nan a gidan.

Ba ta dube ni ba, ta dai goge ido da bakin zane. Sai da na girma na fahimci kwanon tuwon da take ajiye min a ƙofar ɗaki, ta koma nesa ta zauna. Har yau ina ajiye kasko a bayan gidana, sai dai ni kaɗai ce a kan turmin.