Ramin da Yaya Yakuba Bai Taɓa Tsallakewa Ba

"Sake yi in gani," in ji Suma'ila.

Matarsa Munira, wadda yau ta fara taɓa wasan, ta sake danna maɓalli. Ɗan mutumin cikin tele ya tsallake ramin farko salin-alin.

Wasan ƙuruciyarsa ne aka sake fitarwa a sabuwar na'ura. Da can a 'yar na'urar hannu suke yin sa, shi da yayansa Yakuba, a zauren gidansu a Birnin Damagaram. Pil, wato batir, ba ya jimawa, shi ya sa suka kafa doka: babba ke farawa, wanda ya faɗa rami ya miƙa wa ɗan'uwansa. Kullum a wannan ramin Yakuba ke faɗawa. Har suka girma ana yi masa tsiya da shi, har bara da Allah ya yi masa rasuwa.

Munira ta yi dariya. "Wannan ai ko ido rufe a tsallake shi, sai dai in da gangan mutum ya faɗa."

Sai yanzu Suma'ila ya tuna, in Yakuba ya zo ramin ba ya ko kallon allon. Ƙanensa yake kallo, hannu a miƙe da na'urar, yana cewa:

"Ungo, auta. Ka fi ni iyawa."