Jar Kwalbar da Gariba Ya Kawo Gida

Babu abin da ke ci wa Kadijatu tuwo a ƙwarya kamar karin kumallon 'yarta Sherifa. Yarinyar shekararta biyar, amma ka gan ta sai ka ce uku. Kokon da duk mutanen unguwarsu ta zango ke layi a kansa da safe, ita ko kallonsa ba ta yi, wai yaji ya yi yawa. Ƙosai kuwa sai ta gutsura ta ajiye. Haka take tafiya makaranta ciki wayam, uwar tana bin ta da ido cikin damuwa.

Wata ma'aikaciyar asibiti ce ta ba ta shawara ta gwada kunun ots, ɓarzajjen hatsin nan da ake sayarwa a leda. Kadijatu ba ta yi ƙasa a gwiwa ba. Ta dama shi da ruwa, Sherifa ta ture kwanon. Ta sa madara da ayaba, yarinyar ta sha cokali biyu. Daga baya ta dafa dabino har ya narke, ta jefa ganyen sobolo, wato zoɓo, kaɗan don ya yi ja, ta tace ta ɗura a kwalbar lemo. Ranar da ta ɗiga wannan jan ruwan a kan kunun, Sherifa ta shanye tas, har da lashe cokali.

Farin cikin Kadijatu ba ya misaltuwa. Kumatun yarinyar suka fara cika. Kullum da safe ita ce mai tashin uwarta tana cewa, "Mma, kunu na mai ja."

Mijin Kadijatu, Gariba, makanike ne a Suame Magazine, babbar unguwar masu gyaran motoci. Mutumin kirki ne mai son iyalinsa, sai dai yana da halin da abokan aikinsa da yawa ke da shi, wato ba a zubar da ragowar komai. Man birki, ruwan batir, ruwan lagireto, duk abin da ya rage sai a juye a kwalbar lemon da aka sha a wurin aiki. Wata Asabar ya dawo da irin wannan kwalba cike da jan ruwan lagireto, saboda washegari zai duba tasin wani maƙwabci. Ɗakinsu ɗaya ne da baranda, nan ake girki, nan ake ajiye komai. Ya tura kwalbar ƙarƙashin teburin girki, bai gaya wa kowa ba.

Da safe Kadijatu ta dama kunu, ta zuba wa Sherifa, ta ɗiga mata ruwan dabino. Sai aka ce famfon tsakar gida ya kawo ruwa, kuma kowa ya san ba ya daɗewa. Ta ɗauki bokiti ta fita da sauri.

Sherifa ta ga jan bai ishe ta ba. Kwalbar uwarta tana can sama inda hannunta ba ya kai, amma ga wata irinta a ƙasa. Ta tuttula a kunu, ta ɗanɗana ta ji zaƙi, domin wannan guba zaƙi gare ta. Ta shanye.

Da hantsi ta fara tangaɗi tana dariya ba dalili, sannan barci ya kwashe ta. Kadijatu ta ɗauka ƙoshi ne, har ta lulluɓe ta da zane. Sai da Gariba ya shigo bayan azahar neman kwalbarsa, ya same ta buɗe kusa da kwanon yarinyar, saura rabi. 

"Maman Sherifa, wa ya taɓa wannan?"

Kadijatu ta dubi kwalbar, ta dubi tata da ke sama, ta ɗora hannu a ka. Mutanen gida suka taru. Tsohuwa Hamamatu, wadda ba a ƙetare maganarta a gidan, ta ce a ɗura wa yarinyar manja ta amayar, haka ake yi tun da. Aka ɗura, yarinyar ta yi amai, ta buɗe ido. Kowa ya yi hamdala. Gariba ya so ya ce a tafi asibiti, amma kunyar abin da ya yi ta ɗaure masa baki, ya bi ra'ayin jama'a.

Sai da numfashin Sherifa ya fara sama-sama bayan la'asar aka ruga da ita babban asibitin Bantama. Likita ya karɓi kwalbar ya sunsuna, ya tambayi lokacin da ta sha. Aka gaya masa. Ya ce gubar ta riga ta bi jini ta kama ƙoda, da sun zo tun safe da akwai abin yi, amma za su gwada iya ƙoƙarinsu.

Sun gwada. Sherifa ba ta ƙara farkawa ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta, masu gaisuwa suna cewa ƙaddara ce, Gariba ya ɗago kai. "Na yarda da ƙaddara," in ji shi, "amma ni na ɗauko ta da hannuna na kawo gida."  

Jama'a, kada mu zuba guba ko kayan aiki a kwalbar abin sha, kada mu ajiye su inda ake girki. In kuwa yaro ya riga ya sha, a bar manja da jiran gani, a kai shi asibiti nan take tare da kwalbar.