Layi Uku a Littafin Maigida

"Wai wace ce wannan da ba ka iya gama cin abinci ba ka ambace ta ba?"

Yayar mijin ce ta yi tambayar a falo. Matar tana kicin tana ɗauraye kofuna, sai ta rage ƙarar famfo.

"Abokiyar aikina ce, Yaya. Ita ta cece ni."

Ya sake zayyano labarin. Manhajar da ya rubuta tana ɗebo sunayen mutum miliyan huɗu daga rumbun bayanai lokaci guda, ƙwaƙwalwar kwamfutar ta cika, komai ya tsaya cak. Kwana tara yana fama, a ofis da kan teburin falon gida, yana ta ƙorafi shi kaɗai. Oga ya ba shi zuwa Juma'a.

Ranar Laraba ya buɗe littafin da yake yawo da shi, ya tarar da layi uku da fensir: "Kada ka kwaso duka. Ɗebi dubu ɗaya, ka gama da su, ka zubar. Sannan ka sake ɗiba."

"Teburinta yana kusa da nawa. Na tambaye ta, ta musa. Kin ga kawaici? Rubutun ma duk a karkace, da ganinsa a tsaye ta yi shi."

"To, a dai yi a hankali," in ji Yaya, tana kallon ƙofar kicin.

Matar ta goge kofi ɗaya har sau uku. Ita da ta taɓa tambayarsa me ya dame shi, dariya ya yi: "Amarya, wannan ba wanke-wanke ba ne." Yanzu ga shi muryarsa har laushi take yi in ya zo kan waccan. Mai basira. Mai zurfin ciki. Irin macen da ake zama a yi shawara da ita.

Da Yaya ta tafi, ya miƙo mata biro mai ruwan zinare a cikin kwali.

"Naɗe mini shi da kyau, ke kin iya. Gobe zan ba ta."

Ta naɗe, ta ɗaure da zare. Maganar ta zo mata har leɓe. Ta dubi yadda fuskarsa ke haske, ta haɗiye. Ba za ta faɗa masa ba, ba za ta faɗa wa kowa ba.

Shekara biyu da aure, bai san rubutun hannun matarsa ba.