Kujerar Sallar Baba

Wata biyar Zakariya bai tako ƙofar gidan su Sa'adatu a Maska ba, tun da ya faɗi da babur ya karye a gwiwa. Yau da la'asar ya zo. Ta shimfiɗa masa tabarma, amma ya tsaya dogare da sanda, ƙafar dama a miƙe.

"Sa'a, na zo in sauke miki alkawari," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Ɗori ya kama, amma likita ya ce gwiwar ta sandare. Noma zan lallaɓa. Amma da wane ido zan gaida Baba a tsaye? Wa zai ba da 'yarsa ga wanda ba ya durƙusawa?"

Sa'adatu ta dubi ƙafar da ta sandare. Ashe abin da ya ɓoye shi ke nan, ita kuwa tana zargin ya sake shawara.

Ta shiga zaure, ta fito da wata kujerar katako, ta ajiye a gabansa.

"Ta Baba ce. Shekara uku a kanta yake salla saboda ciwon gwiwa." Ta sunkuyar da kai, tana murza bakin mayafinta. "Malam, Allah ya yardar masa ya yi a zaune, shi ne zai ƙi gaisuwarka?"

Zakariya ya daɗe yana kallon kujerar, sannan ya jingine sandar, ya zauna a hankali.

"Baba yana ciki?"

"Shi ya ce in kawo maka."