Mai Askin da Ya Karanta Kan Sanata

Mai askin bakin kasuwa yana da abin alfahari guda ɗaya a duniya: shi ke yi wa wani sanata tsoho aski. Duk ƙarshen mako direba zai zo ya ɗauke shi da jakar kayan aikinsa, ya kai shi gidan, ya dawo da shi shago yana hura hanci. Ta dalilin askin nan ne ma ya samo wa ƙanensa aikin gadi a ƙofar gidan.

Sai aka shiga rikicin tsige shugaban ƙasa. Majalisar dattawa ta zauna shari'a, ƙuri'u suka yi kankankan, kowa yana cewa inda tsohon ya karkata can sauran za su bi. Shi kuwa tsohon ya kama bakinsa gum, 'yan jarida suka bi shi har suka gaji.

Nan fa shagon mai aski ya fara cika. Har masu sanƙo suka riƙa zuwa gyaran fuska. Kowa ya zauna a benci, tambayar ɗaya ce: "Kai da kake taɓa kansa, ina ya dosa?"

Gaskiyar magana, mai karatu, tsohon bai taɓa yi masa zancen siyasa ba. Iyakarsa "rage nan" da "bar can", daga nan sai gyangyaɗi a kujera. Amma faɗin "ban sani ba" a gaban cikakken benci yana yi wa mai aski nauyin baki.

Akwai abin da ya daɗe yana riƙe da shi a ransa. A can baya, lokacin da tsohon zai bijire wa jam'iyyarsa a kan wata doka, sai da ya sa aka aske masa kai tas. Tun daga nan mai aski ya yanke wa kansa hukunci cewa askin tas alamar faɗa ce.

A wannan makon da ya je, tsohon ya zauna a hankali ya ce, "Yau aske shi duka, kada ka bar ko sili ɗaya."

Murna ta kama mai aski. Ya ga wani ɗan ƙullutu a bayan kunnen tsohon, ya kewaye shi da reza, bai kawo komai a ransa ba. Ya ga uwargidan tsaye a bakin ƙofa idonta ja, ya ce a zuciyarsa zafin siyasa ne ya kai har cikin gida.

Da zai fita, ƙanensa ya buɗe masa ƙofa, ya dubi yadda yake washe baki, ya ce, "Yaya, don Allah abin da ka gani a gidan nan ka bar shi a gidan nan. Ni ne fa a bakin ƙofa."

"Kai dai riƙe sandarka," in ji mai aski. "Ni ka ke koya wa zama da manya?"

Da ya koma shago, ko jakarsa bai ajiye ba benci ya taso masa. Ya ja fasali, ya karkaɗe tawul, ya ce, "Ku rubuta ku ajiye. Tsohon zai jefa ƙuri'ar tsigewa. Da hannuna na shirya shi." Ya ga wani daga cikin masu jiran aski ya ɗaga waya yana ɗaukarsa. Maimakon ya hana, sai ya gyara wuyan riga ya maimaita da ƙarfi.

Kafin la'asar bidiyon ya zagaye gari. An ɗora masa rubutu: mai askin sanata ya tona asiri. Har matarsa ta gani, ta kira shi ta ce, "Baban yara, shi ya faɗa maka da bakinsa?" Ya ce mata ita ba ta san siyasa ba.

Washegari da hantsi matasa masu goyon bayan shugaban ƙasa suka yi gayya zuwa gidan tsohon, suna ihu ya fito ya ƙaryata. Mai gadi, ƙanen mai aski, ya leƙo ta ƙaramar ƙofa, ya ɗaga hannu yana rantse musu cewa maigidan ba ya nan. Gaskiya ya faɗa, amma ba wanda ya saurare shi. Dutse ya same shi a idon dama.

A harabar asibitin da aka kai ƙanen, mai aski ya ci karo da direban gidan. Direban bai amsa sallamarsa da fara'a ba. Ya ce, "Tun safe muka kawo tsohon. Aiki za a yi masa a kai, a cire ƙullutun nan, shi ya sa aka ce ya aske. Uwargida ta ce kada ka ƙara taka ƙofar."

Ranar ƙuri'a kujerar tsohon babu kowa a kanta. Yana kwance bai ma san ana yi ba. Masu cika benci suka watse, wasu har suna yi wa mai aski dariya a wayoyinsu. Likita kuma ya ce idon ƙanen ya tafi ke nan.

Da yamma mai aski ya zauna a gefen gadon ƙanensa. Ƙanen ya juyo da fuskarsa da ke naɗe da bandeji, ya dube shi da idon da ya rage, ya ce a hankali, "Yaya, to ina ya jefa ƙuri'ar?"

Mai aski ya sunkuyar da kai. Sai a ranar bakinsa ya iya furta, "Ban sani ba."

Mai karatu, kusanci da babban mutum ba ya nufin ka san abin da ke zuciyarsa. In ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, domin zaton da ka yaɗa don a yaba maka, wani ne zai tare shi da jikinsa.