Maƙala ta Goma

Babu sunan Mikail a ko ɗaya daga cikin maƙalu goman nan. Na tabbata, domin ni na buga su, shafi bayan shafi.

Aikina buga takardu a jami'a, a sashen nazarin laifuka da shari'a, inda ake karatun digiri na biyu. Ban wuce sakandare ba, amma duk shekara ni ake ba jadawalin auna malamai in cike: suna a hagu, yawan maƙalun da mutum ya wallafa a dama. Sai ka cika goma ake duba ka don zama farfesa.

Dakta Ajimi yana da tara, duk a kan mutanen da rikici ya ɗaiɗaita. Shi dai bai taɓa wuce shingen sojoji na bakin gari ba. Mikail, direban sashe, shi ke ɗaukar rikoda da takardun tambayoyi ya tafi ƙauyuka irin su Dusuman da Khaddamari, ya zauna da mutane ya yi musu tambayoyi da harshen Kanuri, ya dawo da amsoshi cikin wani karkataccen rubutu da ni kaɗai ke iya karantawa.

Wata Laraba ya tafi. Washegari aka kawo gawarsa.

Da na koma aiki bayan 'yan watanni, saura mako takwas a rufe jadawali. Dakta ya nemi mai zuwa ƙauye, kowa ya ce yana da iyali.

"Malama Falmata, ɗaya tak ta rage," ya ce mini. "Shekara biyar ina jiran kujerar nan."

Can ya samu mafita: akwai matar da aka kashe mijinta, kuma ba sai an fita gari ba. Awa biyu ya yi da ita, da rikodar nan. Ta yarda ne don tana zaton za a rubuta sunan mamacin. Da aka gama, ya ce ƙa'idar bincike ta hana ambaton suna, don a kare mutane. Aka sa mata "Mai Amsa ta Ɗaya".

Maƙalar ta fito, aka yi ta yabo. Na goge tara, na rubuta goma. Ranar walimar Farfesa har nama aka aiko mini.

Tunda takarda ta ƙi ɗaukar sunan, ku taya ni faɗinsa: Allah ya jiƙan Mikail, ya haskaka kabarinsa, ya ba Mai Amsa ta Ɗaya haƙurin rashin mijinta, don ita ce ta buga muku wannan.