Gadon da ke Bayan Gangunan Kabeji

Ilarie ya bari sai da kowa ya rufe ido ana addu'ar godiya, sannan ya zare guntun tuwon masara daga farantinsa ya cusa a aljihu. Zafin ya ƙona masa cinya, amma ko motsi bai yi ba.

Gidan ɗalibai ne na coci a wani lungun birnin Iași, samari zalla. Ba mai yi wa wani bauta: yau kai ne a girki, gobe kai ne a wankin banɗaki. Ma'aikaci ɗaya ne tak, Kawu Toader, tsohon da ke hura wutar ɗumama gida, wanda ko ranar biki ruwa kawai yake sha. Doka ɗaya ce kuma ba a wasa da ita: wanda ba ɗan gida ba kuma ba ma'aikaci ba, ba ya kwana a nan. Bara wani ya kwanar da abokin shashancinsa, washegari aka fitar masa da akwati.

Shi kuwa Ilarie, ya ɓoye mahaifinsa a gidan.

Giya ta cinye gonar tsohon, ta cinye gidan, ta koro shi birni. A tashar jirgin ƙasa Ilarie ya tsince shi yana tari, takalmi jiƙe da ƙanƙara. Ina zai kai shi? Ya shigo da shi ta ƙofar baya, ya saukar da shi ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa. Can bayan gangunan kabejin da aka tsuma ya tarar da wani gadon katako dab da bututun ɗumi, har da ƙusar rataye riga. Bai tsaya tambayar wa ya kafa ba, godiya kawai ya yi wa Allah.

Matsalar ita ce Gherasim, shugaban gida, ɗalibin likitanci da ya fi kowa daɗewa a nan. Mutum ne mai ido kamar na kaza a kan tsaba. Da kowa yake faɗa, in ban da Kawu Toader, wanda ko sunansa ba a taɓa jin ya kira ba.

"Ɓerayen gidan nan sun waye," in ji Gherasim a teburin, yana dafe burodi a ƙirji yana yankawa da hagu. "Har bargo suke ɗauka yanzu."

Aka kwashe da dariya. Kawu Toader, can ƙarshen tebur, ya dafe nasa burodin a ƙirji ya yanka da hagu, bai ɗago ba.

"Gobe Lahadin yafiya ce," Gherasim ya ci gaba. "Daga coci kowa ya sauka ƙasa, kamar kullum."

Ilarie ya dafe aljihunsa. Wallahi ya manta! Al'adar gidan ce: ranar da za a shiga babban azumi a bar nama da cuku, sai dukkansu su sauka su cicciɓo gangunan kabeji, abincin azumin, zuwa kicin, sannan kowa ya durƙusa ya nemi gafarar ɗan'uwansa.

Da sassafe ya faki ido ya sauka. Jikin tsohon ya yi rau da zazzaɓi.

"Baba, tashi. Don Allah tashi, yau ɗaya kawai."

"Bar ni, yaro. Abokina zai kawo mini shayi."

"Wane aboki kuma? Zazzaɓi ne ke sa ka sambatu. Tashi!"

Ya ɗaga shi, ƙafafun suka lanƙwashe. Ya leƙa ta 'yar taga, ƙanƙara ta rufe titi har gwiwa. In ya fitar da shi, kashe shi ya yi. In ya bar shi, su biyun za a watsa waje, karatu ya tashi ke nan, don ba shi da wani wurin kwana a duk faɗin birnin. Ya mayar da tsohon kan gado, ya ja buhu ya kare, ya tafi coci. Ko kalma ɗaya bai ji ba a cikin addu'ar, kuka kawai yake haɗiyewa.

Suka dawo, suka sauka ana raha. Aka janye ganga ta farko, aka janye ta biyu. Sai rahar ta mutu.

Ga mahaifin Ilarie kwance. Ga Kawu Toader zaune a gefensa, yana ba shi shayi da cokali.

Ilarie ya zube a gwiwa tun lokacin durƙuso bai yi ba. "Ku yafe mini, 'yan'uwa. Mahaifina ne. Ni ku kore ni, na yarda, amma shi ku bar shi ya warke."

Duk ido ya koma kan Gherasim. Ya ratso su, ya tsuguna, ya kama tsintsiyar hannun mara lafiyar, ya kara kunne a ƙirjinsa.

"Yana da sana'a?"

"Kafinta ne... in hannunsa ba ya rawa."

"Tagoginmu duk sun ruɓe. Doka ba ta hana ma'aikaci kwana ba." Ya harari Ilarie. "Kai kuma wawa ne. Ciwon huhu ne da shi, ka bar shi a kan katako kana ciyar da shi tuwo mai sanyi. Ku kama mini, a kai shi ɗakina."

Sannan ya juya wajen tsohon mai hura wuta, muryarsa ta yi laushin da ba wanda ya taɓa ji a gidan.

"Naɗe bargon ka taho da shi, Baba. Shi kam ɗansa ya fi ni dabara: lokacin da na kafa gadon nan na ɓoye ka, ko bargo ban iya sato maka ba."